Ai Na Ganye Ne: Man Ƙamshi da Lafiyar Iyali

Cikin sanyin hunturun nan, wata maƙwabciyarmu ta buga mana ƙofa da tsakar dare, ɗanta ɗan wata bakwai yana numfashi da kyar. Mura ce ta toshe masa hanci, ita kuwa ta ɗiga masa man na'a-na'a da ta saya ta WhatsApp. Muka garzaya asibiti, Allah Ya sa da sauran kwana a gaba. Da hankali ya kwanta na tambaye ta dalili, sai ta ce, "Malam, ai na ganye ne, ba na Bature ba." Wannan amsa tata na sha jin ta har a bakin masu digiri, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami a wannan mako.

Da farko, mai iri biyu ne. Man zaitun da man riɗi da man kwakwa matse su ake yi, kuma har girki ana yi da su. Man ƙamshi kuwa, irin na kanumfari da na'a-na'a da na bishiyar turare, tatso shi ake yi da tururi daga ganye ko fure ko ɓawo. Fasahar ta daɗe: tun a ƙarni na 9 al-Kindi ya rubuta littafi a Bagadaza kan haɗa turare da tatso shi, kuma a 1937 wani masanin sinadarai Bafaranshe, René-Maurice Gattefossé, ya fitar da littafin da ya yaɗa sunan magani da ƙamshi a Turai. Abin lura shi ne ƙarfin wannan mai. Kafin a sami kilo 1 na man wardi, sai an tara furen da ya haura tan 3. Ke nan 'yar kwalbar da ake sakawa a aljihu ta tattara ƙarfin tulin tsiro, don haka ba a auna ta da ma'aunin ganyen da kaka ke dafawa a tukunya.

Wannan ƙarfi shi ne amfaninsa, shi ne kuma haɗarinsa. Sinadarin da ke cikin man kanumfari yana lafar da ciwon haƙori, likitocin haƙori ma suna amfani da shi, amma in an ɗiga shi tsantsa sai ya ƙone dasashi, in yaro ya sha kuma yana iya taɓa hanta. Man bishiyar turare yana sa a ji hanci ya buɗe, amma ƙasa da cokalin shayi na iya jefa yaro cikin jijjiga. Man na'a-na'a a fuskar jariri na iya tsayar masa da numfashi. Man ɓawon lemon tsami kuwa, in an shafa aka shiga rana, yana ƙona fata ya bar tabo, kuma rana ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu.

Ba cewa nake a zubar da kwalaben ba. Babba mai mura zai iya sirace da ɗigo 2 na man bishiyar turare a cikin ruwan zafi, ido a rufe. Wanda gajiya ta kama zai iya haɗa ɗigo 2 a cikin cokalin shayi ɗaya na man kwakwa ko zaitun a yi masa tausa, bayan ya gwada kaɗan a dantse ya jira kwana ɗaya. Ƙamshi mai daɗi a ɗaki yana kwantar da rai, kuma mu da muka tashi cikin turaren wuta da humra ba ma buƙatar a gamsar da mu kan haka. Sai dai ba a shan man ƙamshi, ba a sa shi a ido ko kunne, ba a shafa wa jariri, kuma mai ciki da mai asma da mai farfaɗiya su fara tambayar likita. A ajiye kwalbar a inuwa, inda hannun yara ba ya kaiwa. In tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin man na iya shiga huhu. A tafi asibiti da shi da kwalbar.

Babbar damuwata ita ce masu talla da ke cewa ɗigon mai yana maganin hawan jini da ciwon suga da zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya ajiye maganinsa saboda wannan magana, ransa ya sa a caca. Ga ɗalibaina da ke wannan sana'a a waya, neman halak abin yabo ne, amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ku rubuta sunan tsiron da yadda ake sirkawa a jikin kowace kwalba, ku tambayi mai saye ko da jariri a gida. Maƙwabciyata ba ta sami mai yi mata wannan tambaya ba.