Karen da Ka Sayo da Tsada, da Ciwon Kakanninsa Ya Zo

Wata ranar Litinin, bayan layin masu karɓar magani ya ragu, wani magidanci daga wajen Gafasa ya tsaya a tagar da nake aiki, ya ce in sayar masa da daikilofenak, "mai ƙarfin nan". Babu takardar likita a hannunsa. Na ce, "Malam, wa ke ciwon?" Ya yi jim, ya waiwaya, sannan ya rage murya ya ce karensa ne. Irin manyan nan ne da muke kira karen 'yan sanda. Ya sayo shi a birni tun yana kwikwiyo, da kuɗin da zai sayi raguna biyu, don ya tsare masa gida da garke. Bai cika shekara biyu ba, amma in ya kwanta da ƙyar yake tashi, in zai gudu sai ya haɗa ƙafafun baya yana tsalle kamar zomo. Mako uku ke nan yana cusa masa ƙwayar a cikin tuwo, jiya kuma ya ga kashinsa ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta.

Ban ba shi ba, ya tafi ransa a ɓace. Baƙin kashin nan jini ne da ya zubo daga tumbi, kuma maganin da yake neman ƙari shi ya jawo zubar.

Kai mai karatu, na san abin da za ka ce: ina ruwan shafin lafiyar iyali da kare? Da ruwansa. Daga Gaya zuwa Ajingi, tsoron ɓarayin dabbobi ya sa mutane suna shigo da waɗannan karnuka cikin gidajen da yara ke rarrafe, ba tare da sun san mene ne suka saya ba. Masu sayarwa kuwa ba za su faɗa ba, domin kasuwarsu ta dogara da rashin saninka.

Wannan kare ba daji ya haife shi ba, mutane ne suka tsara shi. A shekarar 1899 wani tsohon hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, ya sayi kare guda, ya sa masa suna Horand, ya kafa ƙungiyar masu kiwon irinsa. Don siffar da yake so ta tabbata, aka yi ta haɗa 'ya'ya da jikokin karen nan da junansu. Siffa ta tabbata, wayo ya tabbata, lalurorin da ke ɓoye cikin jinin zuriyar su ma suka tabbata. Mu da muka san sikila bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Mun ga yadda mai AS ke auren mai AS, dukansu lafiya ƙalau a ido, amma kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Muna hana 'ya'yanmu aure sai an yi gwajin jini, amma muna miƙa kuɗi ga mutumin da ya haɗa karya da ɗanta a bayan gida, bai taɓa gwada komai ba.

Ciwon da ya kama karen mutumin Gafasa, bisa abin da ya kwatanta, shi ne mafi shahara a wannan iri: lalacewar gaɓar kwatangwalo. Kan ƙashin cinya ya kamata ya zauna daram a gurbinsa kamar taɓarya a turmi. A karen da ya gaji matsalar, turmin ba shi da zurfi, taɓaryar tana lilo, kullum tana gugar baki, har guringuntsi ya cinye, ƙashi ya koma gogar ƙashi. Ba ƙwayar gado ɗaya ke kawo shi ba, da yawa ne suke taruwa, kuma ƙiba da saurin girma suna ƙara masa muni. Don haka mai gidan da ke alfahari ya ɗura wa kwikwiyonsa abinci har ya yi teɓa, da hannunsa yake gaggauta gurguncewarsa. A Jamus da Ingila da Amurka ana ɗaukar hoton ƙashin uwa da uba a duba kafin a bar su su hayayyafa. Ka tambayi wanda ya sayar maka ko ya taɓa jin labarin haka.

Akwai na biyu, mai kisa cikin sa'o'i. Karnuka masu zurfin ƙirji, tumbinsu kan cika da iska ya murɗe, hanyar shiga da ta fita su toshe, jini ya daina zagayawa. Za ka ga kare yana kakarin amai ba abin da ke fita, miyau na dalala, ciki ya kumbura kamar ganga. Ba jiƙo, ba kanwa, ba allura, sai tiyata nan take. Al'adarmu ta tara ragowar tuwo a juye wa kare cike da roba sau ɗaya da dare, sannan a sake shi ya yi ta guje-guje, tana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin. Raba masa abincin gida biyu ko uku, ka bar shi ya huta bayan ya ci. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Idan ya tsallake waɗannan ya kai shekara takwas ko fiye, akwai ciwon laka da ke sa ya fara jan ƙafafun baya har su shanye, wanda masana a Amurka suka gano ƙwayar gadonsa a 2009. Ba shi da magani. Ga kuma zazzaɓin kaska, wanda ya fi yi wa wannan iri mugun kamu, har da haɓo da ƙarancin jini. Shi ya kashe karnukan sojan Amurka masu yawa a yaƙin Biyetnam. Ka haɗa wannan da gashi mai ninki biyu da aka yi don sanyin Turai, a ɗaure a gindin katanga cikin bazararmu da zafi ke haura digiri 40.

Yanzu ga inda abin ya shafi sana'ata kai tsaye. Ibufurofen da daikilofenak suna rage zafi ta hanyar hana jiki yin wasu sinadarai, amma sinadaran nan su ne kuma ke kare bangon tumbi, su ne ke sa jini ya isa ƙoda. Jikin kare ba ya jure wannan hanin kamar namu. Ƙwayar da za ka sha ka tafi gona, shi tana iya huda masa tumbi ko ta tsayar masa da ƙoda, balle ga zafi ga ƙishirwa. Farasitamol in ya yi yawa hanta yake lalatawa, kyanwa kam ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Likitocin dabbobi suna da nasu magungunan zafi, suna auna nauyin kare kafin su rubuta. Ni shekarun da na yi a jami'a jikin ɗan Adam na karanta, kuma ba na jin kunyar cewa wannan ba hurumina ba ne. Mai kemis ɗin da ya miƙo maka ƙwayar ba tambaya, ba sani ya fi ni ba, ciniki ya fi ni so. (Masu zuwa neman tiramol da sunan kare kuma, idanunsu kan ba ni labarin wane ne karen.)

Za ka ce likitan dabbobi yana da nisa, yana da tsada. Gaskiya ne. Amma wannan lissafi ne na kafin saye. Karen gida da mafarautanmu ke fita da shi da rani, siriri, mai gajeren gashi, ya saba da ranar nan da kaskar nan, kuma haushinsa yana tada gida kamar na kowane kare. Ba a raina shi don ya gaza ba, an raina shi don ba ya burge baƙo. In ka nace sai babba, ka ga uwar da uban da idonka, ka sa su tashi, su zauna, su yi gudu. Wanda ya hana ka ganinsu, ka riƙe kuɗinka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne amsar da mutumin nan ya ba ni da na tambayi katin rigakafin karen. Bai san ana yi ba. Kare mai ciwon kwatangwalo yakan yi saurin fushi, yaron da ya saba hawa bayansa yana iya shan cizo, kuma cizon kare mai nauyin kilo 30 ko 40 a fuska ko wuya yake sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Tsadar kare ba ta kare shi daga cizon mahaukacin kare mai yawo. Ana yi wa kwikwiyo allurar yana wata uku, a maimaita duk shekara, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin allurar a nan ƙasar.

In cizo ya auku, ko yakushi ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai zuba na tsawon minti 15, a duba agogo. Kada a sa barkono, ko toka, ko ƙonannen gashin karen. A kai yaron asibiti a ranar don a fara masa allura, kada a ce sai an ga abin da hali zai yi, domin da zarar tsoron ruwa ya bayyana, kusan babu mai tashi. Karen kuma a killace shi kwana goma, a ba shi ci da sha, a sanar da ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma.