LISSAFIN DOKIN RANO?

Ya ku 'yan'uwana talakawa da 'yan kasuwa, ga wata magana da aka ƙulla a kanmu, ba a kira mu ba.

A shekarar 2021, a taron Gilasgo ta ƙasar Birtaniya, Shugaba Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya yi alkawari cewa kafin 2060 hayaƙin da Nijeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda itatuwa da sauran dabaru za su iya shanyewa ba. A 2022 Gwamnati ta fito da lissafin yadda za a kai ga haka. Masana suka zuba alƙaluma cikin kwamfuta, suka auna lantarki, da girki, da sufuri, da masana'antu, da man fetur, suka ce sai an ƙara dala miliyan dubu 410 bisa abin da aka saba kashewa.

Niyyar tana da kyau. Mu Katsinawa ba sai an ba mu labarin hamada ba, gani ya kori ji. Amma mu duba lissafin nan. An rubuta cewa mai girki zai bar itace ya koma gas, daga baya ya koma lantarki. To, mai ƙosai a 'Yar Kutungu, wa zai saya mata tukunyar gas? Mai sayar da itace, wace sana'a aka tanadar masa? Kwamfuta ba ta cin tuwo, abin da aka gaya mata shi take maimaitawa.

Kuma ba yau muka fara ganin shiri a takarda ba. Ku tuna Lambar Rimi. Tun zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa aka ɗauko aikin fankoki 37 masu ba da wuta da iska, megawat 10 kacal, aka shafe fiye da shekara goma ana jira. Wanda ya yi haka da goma, yaya zai yi da dubbai? Da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuwa, kan wa nauyin ya sauka?

Abin da muke nema kaɗan ne. A fitar da rabon Jihar Katsina daga lissafin nan, a fassara shi da Hausa, a karanta a kasuwanni. A faɗi abin da za a gama kowace shekara, da wanda zai biya. 2060 da nisa, masu alkawari ba za su tsaya a tambaye su ba.

Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa. Allah ya sa a ji.