Muna Kallon Tekun Wasu, Bakolori Fa?

'Yan'uwa marubuta, mu faɗa wa kanmu gaskiya komai ɗacinta. Mukan raba dare gaban talabijin muna kallon finafinan teku, irin Blue Planet da BBC ta fitar a 2001, muna jinjina wa David Attenborough don ya nuna mana rayuwar kifin da ko kakanninmu ba su taɓa ci ba. Madalla. To, ina fim ɗin Gulbin Sakkwato?

Tun da kamfanin Impresit na Italiya ya gama madatsar ruwan Bakolori a 1978, ambaliyar da ke shayar da fadamun da ke ƙasa da ita ta ragu. A wannan ambaliya tarwaɗa da karfasa ke hayayyafa, da ita shinkafa ke yi. Ruwa ya janye, masunta suka rataye taru. Kimanin mutum 13,000 aka tayar daga gidajensu. Da manoma suka tare hanya suna neman diyya, sai 'yan sanda suka buɗe musu wuta ranar 28 ga Afrilu, 1980. Gwamnati ta ce mamatan ba su kai 30 ba, wasu suka ce sun haura 380.

Duk wannan bai isa fim ba? Masu kyamara suna can suna ɗaukar rawa a lambu, mu kuwa soyayya ta ɗauke mana alƙalami. Kada a fake da rashin kuɗi, ba jirgin ruwa za mu yi haya ba. Dattawan Maradun da Bakura da suka ga ranar da idonsu sai raguwa suke yi. Kafin fitowa ta gaba, wa zai ɗauki rikoda ya shiga motar Talata Mafara?