Mota marainiya mai dangi: kafin malami ya sayi Pontiac Vibe



Akwai wata ƴar mota da gardama ba ta ƙarewa a kanta duk inda ma'aikata suka zauna hirar sayen abin hawa, wato Pontiac Vibe. Ƙarama ce mai ƙofa biyar, bayanta a tsaye, kamar an ɗauki tsohuwar 504 mai dogon baya an rage mata tsawo. Ta cika titunan Najeriya da Gana, kuma mu ma tana iso mu. Masu gardamar kashi biyu ne. Wasu na cewa a guje ta, tunda an daina ƙera duk wata mota mai wannan suna, in ta lalace sai dai a jingine ta a bakin garka kaji su riƙa kwana a ƙarƙashinta. Wasu kuma na cewa ai Toyota ce da aka sauya wa riga, a rufe ido a saya.

Ni a ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, kuma malamin da ya bi rabin gaskiya da bashin banki a wuyansa shi zai sha wuya. Mutuwar sunan ba ta isa ta hana sayen wannan mota ba. Abin tsoro yana cikin shekarunta da irin rayuwar da ta yi kafin ta zo hannunmu.

Bari mu fara da asalinta. Pontiac suna ne daga cikin sunayen da kamfanin General Motors na Amurka yake sayar da motoci da su, tun daga 1926. Da matsalar kuɗi ta duniya ta rutsa da kamfanin, a watan Afrilu na 2009 ya ba da sanarwar zai kashe sunan, kuma zuwa ƙarshen Oktoba na 2010 an rufe babinsa. Ita kuwa Vibe an haife ta ne a wata masana'anta da ake kira NUMMI a garin Fremont na jihar Kalifoniya, wadda General Motors da Toyota suka kafa tare a 1984. Tagwaye ce da Toyota Matrix, wadda ake haɗawa a Kanada, kuma dukansu biyu an ɗora su ne a kan ƙashin Corolla ta wancan zamani. Inji na Toyota ne, giya ta Toyota ce. Har a Japan an taɓa sayar da ita da tambarin Toyota, da sunan Voltz. Samfurinta na farko ya kama daga 2003 zuwa 2008, na biyu kuma 2009 da 2010.

A al'adarmu, in uba ya rasu, abin da ake tambaya shi ne: yaron yana da baffanni da kawunnai masu rai? Haka ya kamata a tambayi kowace mota da aka kashe sunanta. Rover ta Ingila ta durƙushe a 2005, Saab ta Suwidin ta bi ta a 2011. Wanda ya kawo ɗayansu Tawa ko Damagaram ya ɗauko marainiyar da ba ta da kowa a garin, ko ƙaramin ƙarfe ya karye sai an yi aike ƙasar waje. Vibe kuwa danginta sun cika gari. Babu garajin da bai san injin Corolla mai lita 1.8 ba, daga Yamai har Diffa. Buji, matatar mai, matatar iska, famfon ruwa da galibin kayan ƙafa ana samun su da sunan Corolla ko Matrix, a kasuwannin nan gida ko a Katsina da Kano. Injin ma da sarƙa yake aiki a ciki, babu bel ɗin nan da ake fargabar tsinkewarsa. Wanda ke cewa sai dai Matrix don sunanta na raye, ya sani ita ma Toyota ta daina ƙera ta tun 2014.

Amma dangantakar tana da iyaka, kuma a nan ne masu cewa a rufe ido suke yaudarar mutane. Rigar motar tata ce ita kaɗai. Fitilun gaba da na baya, bamba, murfin inji da fatun gefe ba su shiga da na Matrix. Rediyonta na General Motors ne, haka ma wasu kayan na'urar sanyi, abin da mutum ba zai damu da shi ba sai zafin watan Afrilu ya kama. To a garuruwanmu da kabu-kabu da amalanke da adaidaita ke goga kafaɗa da mota, me ya fi saurin fashewa in ba fitila ba? Sabuwa ba a ƙera ta kamar da, sai dai a nemo ta jikin wata da aka farke. Don haka nake cewa wanda zai sayi Vibe ya fi mai sayen Corolla bukatar duba lafiyar jikinta. Fitila mai tsaga da dillali zai ce maka ƙaramin abu ce, ka fara zuwa kasuwa ka ji kuɗinta kafin ku gama ciniki.

Yanzu ga babbar magana, wato shekaru. Vibe ta ƙarshe ta fito daga masana'anta a watan Agusta na 2009. Ke nan mafi ƙuruciya a cikinsu ta girmi duk yaran da muke koyarwa a firamare, ta farkon kuwa ta haura shekara 20. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa. Roba tana bushewa, waya tana tsufa, ko da sunan wa ke goshin motar. Mu da muke koya wa yara karatu da lissafi bai kamata a same mu muna cinikin biri a sama ba, alhali motar da kanta tana ɗauke da rubutun da za a karanta.

Na farko, lambar jikinta. Kowace motar Amurka tana da lamba mai harufa da alƙaluma 17, ana ganinta ta gilashin gaba a gefen direba, da kuma jikin ƙofarsa. Ta Vibe tana farawa da 5Y2. Abu na goma a jerin shi ke faɗin shekarar samfuri: 3 na nufin 2003, 8 na nufin 2008, harafin A kuma 2010. In dillali ya rantse maka ta 2008 ce, ka ƙirga da yatsa, ka ga 4, magana ta ƙare. A kuma tabbata lambar da ke jikin mota ita ce a takardun dwan da kart griz, harafi da harafi. Motar da ta shigo daga Najeriya da lambar can, sai an biya mata kuɗin dwan a nan, kuma wannan kuɗi yana cikin farashinta ko da mai sayarwa bai ambata ba.

Na biyu, agogon tafiya. Wadda ta fito daga Amurka da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. In ka ga 200,000, to motar ta ci kilomita 320,000. Akwai kuma wani abu da aka sani game da samfurin 2003 zuwa 2008, ita da Matrix da Corolla: agogonsu yana tsayawa cak in ya kai 299,999. Wadda ka gani a kan wannan adadi, Allah kaɗai ya san abin da ta ƙara a bayansa. Wadda kuma ta shekara 20 agogonta na nuna ɗan kaɗan, alhali sitiyari ya sule, kujerar direba ta lotsa, robar birki ta cinye, to a yarda da shaidar kujera.

Na uku, ƙarƙashinta. A Kanada da arewacin Amurka ana zuba gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfe daga ƙasa. Fenti na iya ƙyalli a sama alhali ƙasa ta zama garin tsatsa. A hau da ita kan rami a garaji, a shiga da tocila. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina, don akwai motocin da ambaliya ta shanye a can, aka busar da su aka turo Afirka.

Na huɗu, shan baƙin mai. Injin lita 1.8 na shekarun farko an san shi da wannan hali in ya tsufa, haka ma babban injin lita 2.4 da aka sa wa wasu na 2009 da 2010. A je ganin mota da sassafe kafin a tada ta, a tsaya a bayanta a ga ko za ta yi hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Dillalin da kullum sai ka tarar ya riga ya ɗumama inji, akwai abin da yake ɓoyewa.

Na biyar ya shafi rai, shi ya sa nake roƙon iyaye su saurara. Vibe tana cikin motocin da aka yi wa kiranye saboda jakar iska ta kamfanin Takata, wadda ke gaban kujerar mai zaman gaba. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa da zafi da laima da daɗewa, in aka yi karo sai ta fashe da ƙarfi ta watso gutsattsarin ƙarfe. Mutane sun mutu ta haka a motoci iri-iri. A Amurka kyauta ake sauya ta, amma motar da ta baro can kafin a gyara ta, da abinta ta zo. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, tana da shafi a intanet inda ake sa lambar nan mai 17 a ga ko da sauran gyaran da ba a yi ba. Minti biyu ne a wayar hannu. Wannan kujera ita ce wadda uwargida ke zama, wani lokaci da goyo a cinya. Yara dai wurinsu baya, a kowace mota.

In an tambaye ni wace iri, zan ce mai injin 1.8 wadda ƙafafun gaba kaɗai ke ja. Mai alamar GT ta farko injinta na masu son gudu ne, yana son man fetur mai daraja ta sama, kuma ba kowane bakanike ya saba da shi ba. Mai jan ƙafa huɗu ta fi shan mai, ta fi yawan abin lalacewa, kuma kada sunan ya ruɗi malamin da aka tura ƙauye: ba Hilux ba ce, cikinta a ƙasa yake, rairayin hanyar daji zai riƙe ta. Motar kwalta ce da jar hanya mai kyau. A nan kuwa tana da amfani ƙwarai. Kujerun baya suna kwantawa, ta gaba ma tana kwantawa, bayan an shimfiɗe shi da roba mai tauri da ake sharewa da tsumma. Buhun hatsi, katan ɗin littattafai, allo, tabarmi, duk tana ɗauka ba tare da an ɓata kujera ba. Wasunsu suna da wurin sa caji irin na ɗaki, sai dai wutarsa 115 ce irin ta Amurka, tamu kuwa 220, a kula da abin da ake soka masa.

Sai lissafin riƙo, wanda ya fi na saye nauyi. Mota irin wannan in tana da lafiya tana shan kamar lita 8 zuwa 9 a kilomita 100. Maraɗi zuwa Damagaram da dawowa ya kusa kilomita 480, wato wajen lita 40. A farashin sefa 499 da aka sa wa lita a 2024, jikka ashirin ke nan, mai kaɗai. Ba a sa asurans da vinyet da vizit teknik ba, ba a sa juyen baƙin mai da taya da batir ba. Ga kuma abin da kowa ya gani tun bayan Yulin 2023: da aka rufe gadar Gaya, kayan da aka saba saukewa a Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, tsada ta biyo baya. Shawarata ga ɗan'uwa malami ita ce kada ya zuba duk abin da ya tara a kan farashin mota. Ya ware wani kaso mai kauri na gyaran watannin farko, don tsohuwar mota ba ta rasa abin da za ta nema a hannun sabon mai ita. In bayan cire kason banki albashin ba zai ɗauki mai da cefane da kayan komawar yara lakkwal a watan Oktoba ba, to lokacin mota bai yi ba, babur ɗin nan ya ƙara shekara. Mota ba ta san albashi ya yi jinkiri ba.

Akwai hujja ɗaya ta masu ƙin Vibe da na yarda da ita: ranar sayarwa. Kasuwarmu tambari take saye, kuma mai neman mota zai taya Matrix ko Corolla da daraja fiye da ita, ko da lafiyarsu ɗaya. Wanda ke sayen mota don ya juya ta bayan shekara guda, ya nemi mai tambarin Toyota. Amma malamin da ke neman abin da zai kai iyali asibiti da dare, ya kai su gida hutun ƙarshen shekara, ya riƙe shi har ya tsufa a hannunsa, wannan ragin da kasuwa ke yi wa sunan riba ce gare shi, muddin ragin na gaske ne. In dillali ya sa mata kuɗin Matrix yana cewa ai duk ɗaya ne, a tuna masa kuɗin fitila.

Kuma kada a je ciniki da bakaniken da dillali ya kawo. Ka zo da naka, ka biya shi ladan yininsa, ku hau kwalta ku yi tafiya mai ɗan nisa har inji ya yi zafi, a ji yadda giya ke shiga, a ga ko allurar zafi tana tsayawa wuri ɗaya. Mai mota in ya ƙi a kai ta kan rami, ko ya ce takardu suna wurin wani yayansa da ya yi tafiya, a yi masa godiya a kama hanya. Motoci ba su ƙare ba.

Allah ya sa mu sayi alheri, ya tsare mu da iyalanmu a kan hanya, ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu.