SHARHI: Ribar Noman Kumin Daga Tsirowar Iri Take Farawa

A shekarar 2023 farashin kumin, wanda Larabawa ke kira kammun, Indiyawa kuma jira, ya haura rupi 60,000 kan kowane kilo 100 a kasuwar Unjha da ke jihar Gujarat ta ƙasar Indiya. Ganin haka manoma suka faɗaɗa gonaki, kaya suka cika kasuwa, a 2024 farashin ya faɗi da fiye da rabi. Darasin a fili yake: farashi ba a hannun manomi yake ba. Abin da ke hannunsa shi ne yawan irin da zai tsiro cikin makonni biyun farko, kuma a nan ne ya kamata mai zuba jari ya fi sa ido.

Indiya ce kan gaba a duniya wajen noman wannan kayan yaji, wanda ya bambanta da habbatussauda, kuma jihohin Gujarat da Rajasthan ne ke samar da kusan dukkan abin da ƙasar ke nomawa. A can ana shuka shi daga watan Nuwamba zuwa farkon Disamba, a girbe bayan kimanin wata huɗu. Manomin da ya yi gaggawar shuka alhali ƙasa na da sauran zafi, tsiron kan fito jefi-jefi. Wanda ya makara kuwa, zafin bazara kan riske shi kafin ƙwaya ta cika.

Ƙwayar kumin ƙarama ce, tsironta kuma ba shi da ƙarfin fasa ƙasa mai tauri. Don haka ake so a lallausa ƙasa mai rairayi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, a binne iri a zurfin da bai wuce santimita 2 ba. Kilo 12 zuwa 15 ya wadatar da hekta guda. Jiƙa irin na kimanin awa 8, sannan a shanya shi a inuwa, yana gaggauta tsirowa. Da an gama shuka sai a yi ban-ruwa marar ƙarfi don kada ruwa ya kwashe irin ya tara shi wuri guda, a sake yin wani bayan kwana 8 zuwa 10 kafin saman ƙasa ya daskare. Bugu da ƙari, kumin ba ya son dashe, saboda saiwarsa doguwa ce guda ɗaya. Inda zai girma nan ake shuka shi.

Babban kuskure shi ne arha wajen iri. Kumin da ake sayarwa don girki mai yiwuwa ya daɗe a ajiye, ƙarfin tsirowarsa ya ragu. Gwajin ba ya cin kuɗi: a ƙirga ƙwaya 100 a naɗe a ɗanyen ƙyalle, a duba nawa suka tsiro bayan mako biyu. Haka kuma cutar yaushi, wadda ke zaune cikin ƙasa, tana iya kashe gona tun tana ƙarama, shi ya sa manoman Gujarat suka rungumi irin GC-4 mai jure mata, suke kuma sauya abin da suke shukawa a fili.

Kumin da ke kasuwannin Nijeriya daga waje ake shigo da shi, kuma sanyin hunturu da ake noman alkama da shi a wurare irin su Kadawa ya isa ya ja hankalin masu jari. Sai dai kafin a buɗe hekta, ya kamata a fara da 'yan fangali, da iri ingantacce, a ƙirga abin da ya tsiro. Idan gwaji ya ci nasara damina biyu ba ta shiga lissafi ba, wato rani biyu a jere, sannan a yi batun faɗaɗawa.