Tsibirin da ke rufe ƙofarsa rana guda

Biri ne ya fara koya min ladabi a Bali. Ina tsaye a Uluwatu, wurin bautar 'yan Hindu da aka gina a kan dutse mai tsayin kimanin mita 70 a bakin teku, ina kallon igiyar ruwa tana dukan gindin dutsen, sai na ji an fizge tabarauna. Kafin in waiwaya, gogan naka ya haye katanga yana jujjuya shi. Mai gadi ya zo da 'ya'yan itace, aka yi ciniki irin na kasuwar Kurmi, biri ya karɓi nasa, na karɓi nawa. An gargaɗe ni tun a ƙofa, ni ne na yi kunnen ƙashi.

A ƙofar nan na ga abin da ya fi birin tsaya min a rai. Ni da na zo da doguwar riga, ɗamara kawai aka ba ni. Turawan da suka zo da gajeren wando kuwa, zani aka ɗaura musu, maza da mata, babu wanda ya ce uffan. Cikin ɗakin bautar kuma na masu ibada ne kaɗai, ko nawa ka biya. Hakan ya yi min daidai, don ni ma kallo na je yi.

Indunusiya ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi, amma a tsibirinta na Bali kusan mutum tara cikin goma 'yan Hindu ne, kuma yawon buɗe ido ne tukunyar da mafi yawansu ke ci a ciki. Duk da haka, sau ɗaya a shekara, ranar Nyepi, sai su rufe komai na awa 24, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na safiyar gobe. Ba a kunna wuta, ba a fita, ba a aiki. Filin jirgin saman Ngurah Rai ma rufe shi ake yi. Baƙon da ya biya otal mai tsada, a cikinsa zai wuni, 'yan sintirin gargajiya da ake kira pecalang suna zagaye titi. A 2023 ranar ta faɗo a daren fara tarawihi, aka yi yarjejeniya Musulmi su taka da ƙafa zuwa masallaci mafi kusa, ba tare da lasifika ba.

Wasu na ganin sai an sassauta al'ada baƙo zai zo da kuɗinsa. Ban yarda ba. Rairayin bakin teku akwai shi a ƙasashe barkatai. Abin da ke jan mutane Bali shi ne ɗan kwandon ganyen kwakwa mai furanni da turare da matan gari ke ajiyewa a ƙofar kowane shago da safe, ko baƙo ya gani ko bai gani ba, da tsarin rabon ruwan gonakin shinkafa, subak, wanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2012. Hatta gini, doka ta taƙaita tsayinsa a mita 15, wai kada ya wuce bishiyar kwakwa.

Kada in yi tuya in manta da albasa, akwai inda kuɗi ya yi galaba. A Canggu, gonakin shinkafa suna ta komawa gidajen haya na baƙi, abin da ya tuna min yadda gine-gine ke cin badalar Kano. Cunkoson babura a can ya isa ya ɓata wa mutum yini. Da damina, teku na amayo leda da robobi a gaɓar Kuta, duk da an haramta ledar cefane tun 2019. Baƙi marasa kunya ma sun yi yawa, har aka kori wani ɗan Rasha a 2023 saboda ya tuɓe wando ya ɗauki hoto a kan Dutsen Agung, wanda mutanen Bali ke girmamawa. Tun Fabrairun 2024 kowane baƙo daga waje yana biyan harajin rupiya 150,000 don kula da al'adu da muhalli. Ni a ganina kuɗin ya yi kaɗan.

Ga wanda ke da niyyar zuwa, a lura da abinci, don gasasshen alade, babi guling, shi ne abin alfaharin garin. Nemi shagunan da aka rubuta wa Warung Muslim, ko masu abincin Padang. Duba kalanda kafin ka yanki tikiti, Nyepi galibi a watan Maris take faɗowa. In ka isa Uluwatu kuma, cire tabarau ka sa a aljihu.