Kotun Wasa, Darasin Gaske

Zancenmu na wannan wata a kan kotun kwaikwayo ne, wato ɗalibai su mai da ajinsu ɗakin shari'a na awa guda.

Me ya kawo wannan magana? Kowa ya san abin da kan faru a zangunanmu idan aka yi ihun ɓarawo. Kafin a tambayi abin da ya sata, duwatsu sun fara tashi. Wannan ciwo kuwa ba na zango kaɗai ba ne. Ba mu manta da Kyaftin Maxwell Mahama ba, sojan da taron jama'a suka kashe a Denkyira-Obuasi cikin watan Mayu na 2017 bisa zaton ɗan fashi ne. Sai a Janairu na 2024 kotu ta yanke wa mutum 12 ɗaurin rai da rai.

Alhali tsarin mulkin Ghana na 1992 bai bar mu cikin duhu ba. Sashe na 14 ya ce wanda aka kama bisa zargin laifi, in ba a sake shi ba, a kai shi kotu cikin awa 48. Sashe na 19 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, kuma in ba ya jin harshen kotu a ba shi tafinta kyauta. Yaro kan haddace wannan don jarrabawa, ya manta. Amma gani ya kori ji.

Shirin ba ya cin ko sisi. Malam ya ƙago ƙara, misali akuyar da ta ɓace aka gan ta a gidan maƙwabci. Kada dai a ɗauko rigimar gaske ta wani yaro a ajin. A naɗa alƙali, da mai gabatar da ƙara, da lauya mai kariya, da shaidu, da tafinta. A zaɓi masu taya alƙali yanke hukunci su 7, kamar yadda Babbar Kotu ke yi a shari'ar kisan kai. 'Yan mata ma a ba su kujerar alƙali.

Doka biyu nake ba malamai shawara a kansu. Ta farko, kafin ka mai da amsa, sai ka maimaita abin da abokin gardamarka ya faɗa har ya yarda ka fahimce shi. Ta biyu, mako mai zuwa a yi musanya, mai ƙara ya koma mai kariya.

Wasu iyaye na tsoron wannan zai koya wa yara tsaurin ido. To, a kotu ba mai magana sai da izni, ba zagi, ba katse wani, kowa kuma yakan miƙe in alƙali ya shigo. Ina ladabin da ya fi wannan?

Don haka ina kira ga shugabannin makarantunmu na boko da na Islamiyya su tuntuɓi ofishin hukumar NCCE na gundumarsu, tunda wayar da kan 'yan ƙasa aikinta ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.